Mama a Bencin Baya

Sau ɗaya uwata ta taɓa marina a baki, kuma a kan kalma ɗaya ne. Ina aji uku a firamare lokacin. Na ɗebi gyaɗar da ta ware don iri, na soya, muka cinye da ƙawayena a bayan rumbu. Da ta tambaye ni na buɗe baki na ce, "Wallahi ban taɓa ba." Ban gama rufe bakin ba na ji tas. Ba satar gyaɗar ce ta ɓata mata rai ba, don ko maganarta ba ta sake yi ba. Ta kama haɓata ta ce, "Sunan nan ba tsumman share ƙarya ba ne. Kuma na gane ki, duk ran da kin ce wallahi, ƙarya kike yi." Gaskiyarta ce. Har na girma na zama malamar makaranta, in ka ji na rantse, to akwai abin da nake ɓoyewa.

Abu biyu Mama take tsoro a duniya. Na farko sunan Allah. A gidanmu ba a ihun "Yesu!" don kwano ya faɗi, ba a kuma cewa "na rantse" don a ci musu. In ta dawo daga gonar citta sai ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa Baibul ɗinta na Hausa, wanda da shi ta koyi karatu, da yatsa, baƙi bayan baƙi. Na biyu kuwa bayin Allah. A fahimtarta Yesu ya ba manzanninsa ikon ɗaurewa da kwancewa, kuma duk wanda aka tsayar a kan bagadi ya gaji wannan iko. Don haka tana durƙusa wa kowane fasto, har da yaron da ya fito makarantar Baibul jiya, wanda ta goya a bayanta sa'ad da uwarsa ke noma. Nakan tsokane ta in ce, "Mama, ke ko akuya aka ɗaura wa farar kwala, durƙusa mata za ki yi." Sai ta yi dariya ta ce, "In an shafe ta da mai, me zai hana?"

Duk tasowata ban taɓa ganin waɗannan abubuwa biyu sun yi karo ba. A Kafanchan suka yi karo, a cocin yayana, kuma Mama ce ta tsaya a tsakani.

Ba da son ranta ta bar ƙauye ba. Shekarar da aka kai wa ƙauyenmu hari, tana gona da sanyin safiya ta ji harbi. Ta kwanta tsakanin kunyoyi, ta ja busasshiyar ciyawar da ake rufe citta da ita ta lulluɓe jikinta, ba ta motsa ba sai da rana ta take. Da ta fito babu gida, babu rumbu, cocin ma bango kawai ya rage. Baibul ɗinta kaɗai aka tono a ƙarƙashin baraguzai. Babanmu ya daɗe da rasuwa, sai Yaya ya ɗauko ta ya kawo gidansa a Kafanchan. Ni ina koyarwa a Samaru Kataf, ina zuwa dubata ƙarshen mako.

Cocin Yaya sabo ne, rumfar kwano ce mai manyan lasifikoki, a wajen tsohon layin dogo. Shugabansu yana kiran kansa Afostil, mabiyansa kuma suna ce masa Dadi, har da waɗanda suka haife shi. Mama ta tambayi ma'anar Afostil, aka ce mata manzo. Ta zaro ido ta ce, "Ashe har yanzu akwai manzo a duniya?" Daga ranar ya zama Baba Manzo a bakinta. Na ce mata akwai reshen tsohon cocinmu a cikin gari, ta riƙa zuwa can mana. Ta ce gida ɗaya ba ya rabuwa biyu ran Lahadi, tunda a ƙarƙashin rufin ɗanta take kwana, inda ya yi sujada nan za ta yi. Ta tsaya a gaban jama'a aka karɓe ta, ta shiga zumuntar mata, aka ba ta zanen da suke ɗaurawa iri ɗaya.

Ina cocin ranar da aka kafa dokar. Afostil da Turanci yake wa'azi, wani siririn dikin, mai hidimar coci, yana fassarawa zuwa Hausa. Cikin wa'azi sai ya ce an yi masa wahayi, an bayyana masa cewa sunan da muke kiran Mahalicci da shi a Hausa ba nasa ba ne, na waɗansu ne. Dikin ya gyara murya ya ce, "Allah ya bayyana mini cewa sunansa ba Allah ba ne." Ni kaɗai na fashe da dariya a cikin cocin nan, dariyar da ta sa kowa ya waiwayo. Afostil ya juya ya kalli dikin, dikin ya fara gumi, daga nan ya koma "God ya ce, God ya yi," kamar mai taka ƙaya. Dokar dai ita ce, daga ranar a ce Ubangiji, ko God, ko Yahweh. Duk wanda ya kira wancan suna, baƙon allah ya kira.

A hanyar gida bakina bai huta ba. Na ce shin mutumin nan ya taɓa buɗe shafin farko na Baibul ɗin Hausa kuwa? Sunan yana nan a layi na farko, an buga shi tun kakansa bai san wando ba. Yaya ya daka mini tsawa, wai in kiyayi harshena a kan shafaffe. Mama tana tafe a bayanmu da sandarta, har muka isa ƙofar gida. Nan ta ce, "Manzo ya faɗa. Zan gwada."

Ta kuwa gwada, kuma kallon gwajin nan shi ya fara cika mini ciki. Matar da duk maganarta da sunan nan aka gina ta. Jika zai tafi makaranta, Allah ya kiyaye hanya. Wani ya yi tari, Allah ya sawwaƙe. An yi ruwa, mun gode Allah. Yanzu sai ka ji ta fara, "Al..." ta haɗiye, ta ce, "Ubangiji ya kiyaye hanya," kamar mai fitar da ƙashin kifi daga maƙogwaro. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono, sun saba suna gaisawa doguwar gaisuwa. Ranar nan Mama ta yi ta sarƙewa a amsa, har matar ta sauke ƙwaryarta ta tambaye ta ko haƙori ke damunta. Yaya kuma ya sayo baƙin biro mai kauri, ya zaunar da 'ya'yansa suna bin littattafan waƙoƙi suna shafe sunan duk inda ya fito. Da Mama ta ga haka sai Baibul ɗinta ya ɓace. Daga baya na gano a cikin buhun busasshiyar citta ta tura shi. Yana hannuna yanzu, har yau ƙamshin citta yake yi.

Wata Asabar muna zaune a tsakar gida muna yanka citta don shanya, ta yi mini maganar da ba ta yi wa kowa ba. Ta ce tana yarinya mai bishara na farko ya zo ƙauyenmu, ya ce su bar sunan da kakanni ke kiran Mahalicci da shi a yarenmu, don ya gauraye da tsafi. Suka bari, ya ba su wannan. Da shi aka nutsar da ita a rafi ranar baftisma. Da shi aka ɗaura aurenta da babanmu. Da shi ta binne 'ya'ya uku kafin mu mu tsaya.

"Ubangiji ai kamar maigida ne," ta ce, wuƙar tana tafiya. "Ina kiran babanku maigida, amma yana da suna. Na bar na farko, na karɓa wannan. Yanzu an ce in bar wannan. Sau nawa zan canza masa suna?"

Na ce, "To ki gaya wa Afostil ɗin haka mana."

Ta ce, "Ni? In koya wa manzo karatu?"

Ranar godiyar kaka abin ya faru. Mata sun kawo doya da acca da citta sun tara gaban bagadi, aka miƙa wa Mama makirfo ta yi addu'a, don ita ce mafi tsufa a zumunta. Mama in ta rufe ido ta manta da kowa. Ta fara, "Ya Allah Ubanmu, mai ba da ruwa a kan kari," ta ci gaba abinta, ta kira sunan sau uku. A na ukun Afostil ya yi wa mai kula da lasifika alama ya kashe makirfon. Ya ce, "Mama, buɗe idonki." Tsohuwa tana tsakiyar magana da Mahaliccinta, aka ce ta buɗe ido. Nan take ya sa ta a horo.

Wanda bai tashi a coci irin namu ba bai san nauyin wannan kalma ba. Akwai benci ɗaya a can baya, kusa da ƙofa, inda ake zaunar da wanda ya yi zunubin da kowa ya sani. Wanda ke kai ba ya waƙa a gaba, ba ya addu'a a fili, ba ya ɗaura zanen zumunta, kuma ba ya cin Jibin Ubangiji, gurasar nan da ƙoƙon da ake rabawa Lahadin farko na wata. Mama tun ranar baftismarta ba ta taɓa rasa jibi ba, ko da zazzaɓi sai an riƙo ta ta je. Sharaɗin fitarta daga horo guda ɗaya ne: ta tsaya gaban jama'a ta ce baƙon allah ta kira, ta tuba.

Ba na wurin. Da ina wurin da sai an kira 'yan sanda sun fitar da ni. Matar Yaya ce ta kira ni a waya tana kuka, na bar takardun jarrabawa a kan tebur na hau mota. Na sami Yaya yana wanke babur ɗinsa hankali kwance.

Na ce, "Yaya, kana zaune aka kashe wa uwarka makirfo?"

Ya ce, "Ke, rage murya. Disiplin ba kisa ba ne. Dadi ne ke da fainal se, maganarsa ce ta ƙarshe. Mama ya faɗa sentens ɗaya kawai, shi ke nan magana ya ƙare."

Na ce masa matar da ta sayar da akuyarta ta kai shi makaranta ce aka zaunar a bencin mazinata, shi kuma yana nan yana goge taya. Na faɗa masa wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Daga nan na wuce ofishin Afostil.

Wata mata a ƙofa ta ce ana durƙusawa kafin a yi wa Dadi magana. Na ce gwiwata tana ciwo, na shige. Na yi tsammanin zan sami mai cika baki, sai na sami mutum a gajiye, ya cire takalmi yana shan ruwan leda. Ya bar ni na zazzage duk abin da ke cikina. Da na gama ya ce, "Sista, kin taɓa ɗaukan gawa?" Ya ce shi ya ɗauka. Ya ce ranar da aka shiga ƙauyensu yana ɓoye a cikin masara, yana ji da kunnensa ana ihun sunan nan ana sara, kuma ƙanwarsa tana cikin waɗanda ya binne washegari. Ya ce ya yi alkawari muddin yana kan bagadi sunan ba zai shiga cocinsa ba. Idonsa ya yi ja, kuma ba wasan kwaikwayo yake yi ba. Ban zo da shirin jin tausayinsa ba.

Amma fushina bai tafi ko'ina ba. Na ce masa Mama ma ta ji wannan ihu. Tana kwance a ƙarƙashin ciyawa tana jin maharan, kuma abin da take raɗawa a ƙasa, bakinta cike da turɓaya, sunan nan ne dai. Na ce su sun ɗauki sunan sun yi kisa da shi, ita ta riƙe shi ta rayu, yanzu kuma ita ce a bencin baya. Na ce in ɓarawo ya saci rigarka ya yi fashi da ita, shi ke nan sai ka ce rigar tasa ce? Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmi ya ce, "Sista, ba dibet muke yi ba. Abin da na ɗaure ya ɗauru." Na fita na buga masa ƙofa har labulen ya faɗo.

Na ɗauka maganin abin mai sauƙi ne. Na je wurin tsohon faston cocinmu na cikin gari, dattijo ne da ya san Mama tun a ƙauye. Ya girgiza kai ya ce in kawo ta, tebur a buɗe yake, ran Lahadi ma ta ci jibi. Na dawo da murnata na gaya mata. Ta ci gaba da tsince wake kamar ba da ita nake ba.

"Wanda ya ɗaure ni shi zai kwance ni," ta ce. "In na zaga na je na ci a wani tebur, sata na yi."

"To ki faɗa masa abin da yake so, ki huta."

"Ƙarya ne. In na ce baƙon allah ne, na zagi wanda ya rufe ni a gona."

"Ba za ki bar cocin ba, ba za ki faɗa ba. To me za ki yi, Mama?"

"Zan zauna."

A nan na yi abin da har yau yake cina. Na yi wa uwata ihu. Na ce wannan ba biyayya ba ce, wauta ce. Na ce irinsu ne suka lalata fastoci, suna durƙusa musu har suka ɗauka su ne Allah. Da na faɗi wannan ta ɗago ta dube ni, na ga hannunta ya motsa a cikin waken, sai na ja bakina. Ba don na yarda ba ne, na fita ne kawai na je bayan gida na yi kuka don haushi.

Ta kuwa zauna. Kowace Lahadi ita ce ta farko a coci, cikin zanenta na gida, na zumuntar yana ninke a ƙasan akwati. A bencin ta sami wata yarinya da ta yi ciki ba aure, da wani magidanci da burkutu ya hana shi zaman lafiya. Ta riƙa kawo wa yarinyar dafaffiyar gyaɗa a ƙullin zane, tana koya mata yadda ake kwanciya in ciki ya tsufa. Ran jibi, kafin a buɗe farin ƙyallen da ke kan tebur, ana cewa waɗanda ke horo su fita. Sai ta ɗauki sandarta ta je ta tsaya a gindin mangwaro, tana jin waƙar ta taga, leɓenta yana bi. Bayan wata biyu mai burkutu ya yi kuka a gaba aka kwance shi, ko da yake da yammacin ranar na gan shi inda ya saba. Yarinyar ta haihu, ta tuba, aka kwance ta. Aka bar Mama ita kaɗai a benci, ƙafafunta sun fara kumbura, tana ramewa ta sama.

Ana gab da faɗuwar damina Yaya ya kira ni yana dariya, wai Mama ta ce a gaya wa Dadi za ta fito gaba ran Lahadi. Na rasa ko murna zan yi ko baƙin ciki. Ina so ta ci jibinta, amma tunanin in ji sun tanƙwara ta ta faɗi abin nan ya sa na kasa cin abinci. Na zo na zauna a tsakiyar coci ina huci.

Da aka kira ta, ta taso daga baya tana dogara sanda, tafiyar ta yi tsawo har masu kiɗa suka gaji suka tsaya. Ta isa gaban Afostil ta durƙusa, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, da ƙyar. Aka kanga mata makirfo.

"Baba Manzo," ta ce, "na yi maka laifi. Ka ba da doka, na karya a gaban mutane. Ka yafe mini."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ci gaba, Mama. Saura ɗayan."

"Ɗayan ba zan iya ba. Ba taurin kai ba ne. Na duba cikina, na duba, ban sami wurin da zan faɗa shi ba. In ka kwance ni, na gode. In ka ce in koma benci, zan koma."

Ya dube ta. Sannan ya ce ta koma.

Ta sa hannu ta taɓa takalminsa, sai ta faɗi abin da take faɗa wa duk wanda za ta rabu da shi tun ina yarinya. Na tabbata ba da niyya ba ne, don ba ta iya irin wannan dabara ba. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Coci gaba ɗaya ya ce, "Amin."

Da ƙarfi kuwa, murya ɗaya, kafin kowa ya tuna. Siririn dikin ya ce amin. Mata masu zanen zumunta suka ce amin. Yaya da ke gefena ya ce amin, sannan ya rufe bakinsa da hannu. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin lasifika. Na kalli Afostil, na ce a raina yanzu zai yi dariya, ko ya yi kuka, ya kama hannunta ya tashe ta, don ai ya ji da kunnensa cewa duk cocin nasa ya cancanci bencin baya. Sai ya karɓi makirfon ya ce horon Mama yana nan, a ci gaba da waƙa. Ta lallaɓa ta tashi, ta juya. Na bar wurina na bi ta, muka zauna tare a bencin. Ta raɗa mini cewa in tashi, ni ba a sa ni horo ba, na ce mata ai yau na sa kaina.

Da ruwa ya zauna sosai jikinta ya ƙi. Muka kai ta asibiti, bayan kwana tara likita ya ja ni gefe ya ce mu kai ta gida mu kula da ita. Na gane abin da yake nufi. Washegari na koma ofishin nan, kuma ni da na ce gwiwata tana ciwo, na durƙusa a kan siminti tun daga bakin ƙofa. Na kira shi Dadi. Na ce uwata tana mutuwa, ya taimaka ya kwance ta ta ci jibi sau ɗaya. Ya ce yana ƙaunar Mama, yana yi mata addu'a kullum. Ya ce ba sai ta zo coci ba, ko a waya ta faɗa masa ya isa, sentens ɗaya ne kawai. Na tashi na kakkaɓe gwiwata. Ban buga ƙofa ba wannan karon, don ba ni da sauran ƙarfi.

Daga can na wuce wurin tsohon fastonmu. Na gaya masa abin da nake shirin yi, ya ce shi dai ba zai faɗi ƙarya da bakinsa ba, amma zai zo. Ya ɗauko ɗan akwatinsa na katako mai gurasa da ƙaramin ƙoƙo, muka iso da hantsi. Mama tana kwance kusa da taga, an jingina ta da matasai. Da ta ga akwatin idonta ya yi haske, na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta yi ƙoƙarin sauko da ƙafa ta durƙusa wa fasto, ya hana ta. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kujera, ya gutsura gurasar, ya zuba ruwan inabin.

Sai ta juyo gare ni ta ce, "Manzo ya kwance ni?"

Na shirya amsar tun a hanya. Kalma ɗaya ce, e. Ta san na je wurinsa, ta ga ƙurar simintin a zanena, ba ta da dalilin ƙin yarda. Amma da ta zuba mini idon nan sai na ji e ɗin ya yi mini ƙanƙanta, na ji yana bukatar abin da zai tokare shi.

Na ce, "Wallahi, Mama, ya kwance ki."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗaga hannu a hankali, hannun duk ƙashi, ta kai shi bakina ta ɗan buga, ba ƙarfi, kamar mai korar ƙuda daga fuskar jariri. Ta juya fuskarta bango. Fasto ya jira, ya kira ta, ya sake jira. Daga baya ya ninke ƙyallensa ya rufe akwatin.

Bayan kwana biyu ta rasu. Ina fushi da Afostil, kuma ban ga ranar dainawa ba. Ina fushi da Yaya, ina fushi da ita kanta. Amma in na gama zagaye duka sai in dawo kan bakina, don da e kawai na ce, da ta sha.